Bencin Likita

A makarantar sakandaren da na yi a Wurno, kowane ɗalibi da bencinsa yake zuwa daga gida. Makaranta ta ba ka allo da malami da inuwa, wurin zama kuwa aikin ubanka ne. Masu hali su zo da benci mai haɗe da tebur, marasa hali su haɗa kai su raba ɗaya, su yi ta turin juna da gwiwar hannu har a tashi.

Nawa bencin ya samu suna tun kafin ya shiga aji. Shekarar da muka shiga aji huɗu aka raba mu biyu kamar yadda aka saba: waɗanda suka fi maki a kai su ajin kimiyya, sauran a tura su ajin at, inda ake adabi da tarihi da darasin Gwamnati. Ba a tambayar kowa abin da yake so. Ni na faɗo cikin 'yan kimiyya. Da Baba ya ji, sai ya bar gonar albasarsa da rana tsaka, abin da ban taɓa ganin ya yi ba, ya tafi wurin kafinta ya tsaya a kansa har aka buga ƙusa ta ƙarshe. A Wurno aka yi bencin, a Wurno makarantar take, amma sai da ya ɗaura shi a bayan babur ya kawo shi ƙauyenmu da ke gefen Kwargaba don mutane su gani, washegari aka sake mayar da shi. Duk wanda ya tambaya sai ya dafa katakon ya ce, "Wanga bencin likita na."

Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na zauna a kansa ina kwafar abin da aka rubuta a allo, ina cin jarrabawa, kowa na sa mini albarka.

Laifin na magina ne. Bangon da ya raba ajinmu da ajin at bai kai rufi ba, an bar tazara a sama, ta nan muryar malamin Gwamnati ke tsallakowa. Mutumin kudancin Kaduna ne, Kirista, siriri, yana cewa "mene ne" inda mu muke cewa "mi na na", 'yan ajinsa na kwaikwayonsa da zarar ya juya baya. Ba ya yawan ba da kwafi, tambaya yake jefawa ya koma gefe. Wata rana namu malamin yana lissafa mana saurin dutsen da aka sako daga sama, sai na ji daga can an ce, "Wanda yake mulkinku, wa ya ba shi mulkin?"

Wani ya ce, "Allah."

"Na yarda. Ta hannun wa?"

Ajin ya kaure da gardama. Ni kuwa ina nan riƙe da biro, amsa tana cin raina, ba damar in faɗa. Dutsen nan ya faɗo ko bai faɗo ba, ban sani ba. Daga ranar na matsar da bencina jikin bango, na ƙarasa shekarar jikina a ajin kimiyya, kunnena a maƙwabta.

Ranar da aka dawo daga hutu muka shiga aji biyar, na ɗora bencin a ka, na fita ta wannan ƙofa na shiga ta waccan. 'Yan kimiyya suka leƙo ta taga suna ihu, wai likita ya koma ajin 'yan surutu. Mataimakin shugaban makaranta ya aika a kira ni, ya ce tunda yake bai taɓa ganin wanda ya bar kimiyya da ƙafarsa ba, sai dai wanda aka koro, kuma iyaye roƙo suke zuwa yi a shigar da 'ya'yansu. Na ce to ga gurbi ya samu, a ba ɗaya daga cikin masu roƙon. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce in ɓace masa da gani, kaina na yi wa.

Malamin Gwamnati ma bai yi mini wata maraba ba. Bencin ya kalla, sannan ya kalle ni.

"Babanka ya sani?"

"Za shi sani, Malam."

"To ranar da ya sani, kada ka ce ni na kira ka."

Ba kullum ne darasin yake da daɗi ba. Akwai haddar tsarin mulkin da Turawa suka yi ta sauyawa kafin 'yancin kai, wannan na wane, wancan na wane, har barci ya kama mutum da ido buɗe. Amma akwai ranakun da ake maganar abin da ya sa aka raba iko tsakanin masu yin doka da masu zartarwa da alƙalai, ko abin da talaka zai yi in wakilinsa ya manta hanyar garinsu. A irin ranakun nan ba ni da birki. Na sha yin gardama da Malam, ya sha kayar da ni a gaban aji, in kwana ina haɗa amsa in dawo da safe ya sake kayar da ni. Ban taɓa jin karatu ya shafe ni haka ba. Duk abin da aka faɗa a ajin, in na fito sai in gan shi yana yawo a kasuwa.

Sai da muka shiga aji shida labari ya kai wa Baba. Ranar kasuwa ce, uban wani ɗan ajinmu ya tare shi da fara'a ya ce ashe ɗansa siyasa yake karanta, Allah Ya sa a yi gwamna a Kwargaba. Mutumin da alheri ya faɗa. Amma a wurin Baba siyasa abu ɗaya ce: motoci masu lasifika, samari da sanduna da jajayen idanu, da mai babbar riga da zai yi rantsuwa a ƙofar masallaci sannan a daina ganinsa. Bai taɓa zuwa taron jam'iyya ba, in ya ji kiɗansu ma hanya yake sauyawa.

Bayan la'asar ya kira ni zaure.

"Mi nij ji? An ce ka ɗauke man benci ka kai shi ajin 'yan siyasa."

"Karatun Gwamnati na, Baba, ba yawon kamfen ba."

"Dut ɗaya na. Ƙarya ƙarya ta, ko bisa allo anka rubuta ta. Gobe ka maida shi inda na aje shi, ko ka kawo man abina gida. Ban yi benci don maƙaryaci ba."

Zaɓi biyu ya ba ni, yana ganin na biyun ba mai ɗaukarsa. Washegari da aka tashi na ɗora bencin a ka, na tako da shi tun daga Wurno, rana na dukana, masu babur na tsayawa suna tambaya ko an kore ni ne. Na shiga zaure na sauke shi a gabansa, wuyana kamar zai karye, na gaishe shi da ladabi. Idanunsa suka kaɗa. Ya kalli katakon, ya kalle ni.

"To. Tunda hakanan na, ran da munka cire albasa makaranta ta ƙare. Ka dawo gona."

Ya san abin da yake faɗa. Ana cire albasa ne kafin jarrabawar fita, ba da nisa ba. Shekara shida na sakandare za su tashi a banza ina hango ƙofa. Inna ta same ni a bayan ɗaki ta ce, "Ɗan ga, ka ba shi haƙuri ka koma. Mi za shi rage ka?" Na ce mata in na koma, bango ne zai ci gaba da koya mini karatu, ni kuma na gaji da satar ji.

Da safe na zari buhun albasa guda marar komai a ciki daga waɗanda Baba ya tara, na ninke shi, na shimfiɗa a ƙasa a gaban aji, dab da allo, na zauna na ɗora littafi a cinya. Wari ya cika ajin. Kafin a fita hutun ƙarfe tara an raɗa mini suna Sanata mai buhu. Wani abokina ya matsa ya ce in zo mu raba nasa bencin, na ƙi, don in na zauna a na wani to Baba ya ci nasara ke nan, ko da bai gani ba. Malam ya shigo ya gan ni a ƙasa, ya ci gaba da darasi, sai dai na lura ya daina tsayawa ta gefen da garin alli zai zubo mini a ka. Zaman ƙasan nan ya yi mini ciwo ƙwarai. Ƙato da ni, gemu ya fara tsirowa, ina zaune a ƙasa 'yan aji ɗaya na leƙe suna dariya. Amma ko sau ɗaya ban yi tunanin komawa ajin kimiyya ba.

Gonarmu ta rani a wutsiyar kanal take, wato magudanar ruwan ban-ruwa, mu ne ƙarshen waɗanda ruwa ke isa. Manoman layinmu suna da ƙungiya, shugabanta ne ke riƙe da makullin ƙofar ruwa, shi ke cewa yau na wane ne, gobe na wane. Shugaban kuwa Baffa ne, yayan Baba, ubansu ɗaya. Gonakinsa suna can bakin ƙofa. Sai nasa sun sha sun ƙoshi, na abokansa sun sha, sannan abin da ya rage ya gangaro mana kamar ana tsiyaye tulu. Kowa ya san haka. In an zauna a bakin kanal ana jiran ruwa, ba irin maganar da ba a yi a kansa, har Baba yakan yi tsaki, shi da ba ya zagi.

Kowace shekara bayan an gama dashe ake zaɓen shugaba, a gindin wata tsamiya. Yadda ake yi, mai so ya fito ya tsaya, masu goyon bayansa su yi layi a bayansa, a ƙirga. Amma kafin a ƙirga Baffa yakan juyo ya bi layinsa yana gaisawa da kowa, yana tambayar iyali, daga nan ya tsaya ya kalli ɗaya layin, in akwai, ya daɗe yana kallo. Ba ya cewa komai. Ba ya bukata.

A makon da za a yi zaɓen na waccan shekara muka zo kan ire-iren zaɓe a aji. Malam ya yi bayanin na layi da na ƙuri'ar sirri, wani ya ce ai sirri na munafukai ne, mai gaskiya a fili yake tsayawa. Malam ya ce, "Ba don munafuki aka yi shi ba. An yi shi ne don mai jin nauyi ma ya samu ya faɗi tasa." Ina kan buhuna na ji maganar ta sauka a kaina. Baba ba matsoraci ba ne, na ga ya shiga tsakanin shanu biyu masu faɗa da sanda kawai. Nauyin yayansa yake ji, nauyin kuma yana shanye mana albasa kowace shekara.

Duk mai fangalin kansa yana da damar tsayawa a layi, ni kuma tun da na tasa Baba ya yankar mini 'yar gayauna a gefen gonarsa. Ban taɓa zuwa ba. Wannan karon na je. Wani maƙwabcin gonarmu, ɗan wutsiya irinmu, mutum mai zafin kai, ya ce shi ma yana son shugabancin. Kafin a ce a yi layi na miƙe.

"Baffa, ina da magana."

Aka juyo ana kallona. Yaro ba ya magana a wurin, ko da gayaunarsa.

"Mi zai hana a kahwa zana, a aje ƙwarya biyu bayanta, taka da tashi? Kowa shi ɗauki tsakuwa guda, shi shiga shi kaɗai, shi jeha inda ransa ka so. In an ƙare a zube a ƙirga."

Wani ya tuntsire da dariya, saura suka bi. Wasu ina ganinsu dariyar ba ta kai ciki ba, suna yi suna satar kallon Baffa. Shi kuwa murmushi kawai ya yi.

"Mu nan ba mu ɓoye huska. Mai sona shi tsaya bayana rana tsaka. Ko akwai wanda ka son zana?" Ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya motsa. Sai ya juya wurin Baba. "Wanga shi na likitan naka?"

Baba ya sunkuyar da kai. Da aka ce a yi layi shi ya fara zuwa ya tsaya dab da bayan yayansa, kamar mai biyan tara. Ni kuma na ratsa filin nan a gaban kowa, na je na tsaya bayan maƙwabcinmu. Mu da muka tsaya can ko tabarma ɗaya ba za mu cika ba. Ɗaya layin ya miƙe har ya fita daga inuwar tsamiya, cike da mutanen da jiya-jiya na ji suna cewa bana sai sun sauke shi. Baffa ya bi layinsa ya gaisa, ya tsaya ya kalle mu. Na kalle shi ido cikin ido har ya gaji ya kau da kai. Baba bai ɗago ba ko sau ɗaya. An kayar da mu warwas, kuma har yau in aka sake kiran layin nan can zan tsaya.

Daga ranar Baba ya daina yi mini magana. In yana son a kai taki gona sai ya gaya wa Inna ina tsaye a wurin, ita ta juyo ta gaya mini. Na kunyata shi a gaban yayansa da dukan layi, na sani, abin kuma ya dame ni fiye da zaman ƙasa. Amma ban ba da haƙuri ba, don ban ga abin da zan ce na tuba da shi ba. Ruwa bai ƙaru ba, bai ragu ba. Bakin lawashi ya fara yin rawaya tun albasa ba ta gama ƙosawa ba. Bencin yana zaure, kaji na hawa. Ni kuma kullum in ninke buhuna in tafi Wurno, ina kallon gonakin hanya ina auna saura yaushe a fara cira.

Wata Asabar da hantsi muna gona mu biyu. An ce ranar tamu ce, mun buɗe bakin fangali muna jira, ruwa shiru. Baba yana tsugune yana murza ƙasa a hannunsa, busasshiya. Can, ba tare da ya kalle ni ba, ya yi magana.

"Wanga abu na tsakuwa da ƙwarya. Makaranta anka gaya maku shi?"

Sai da na waiga in ga ko da wani yake. "Can na ji tushenshi, Baba. Ƙwaryar ni na ƙara."

"In anka yi shi, ba wanda ka sanin inda mutum ya jeha tashi?"

"Babu."

"Ko mai ƙirga?"

"Tsakuwa za shi gani, ba hannu ba."

Ya watsar da ƙasar, ya kakkaɓe hannunsa.

"Ko kai?"

"Ko ni, Baba."

Ruwan ya iso wajen azahar, ɗan siriri, muka bi shi da fartanya fangali bayan fangali, bai kai ƙarshen gonar ba ya ƙafe.

Ranar Litinin da na fito da buhuna a hammata, na tarar da bencin a ƙofar gida, a waje, an wanke kashin kajin, katakon bai gama bushewa ba. Baba yana zaune a bakin zaure yana gyara ƙotar fartanya.

"Ɗauke wanga abu, ya tare man hanya."

Da ina da hankali da na ɗauka na wuce. Amma ni ne. Na ce, "Wane aji za ni kai shi, Baba?"

"Na ce ka ɗauke. Inda kak kai shi ba ni son in sani."

Na ɗora a ka. Na yi 'yan taku sai na ji muryarsa a bayana.

"Kuma ka aje man buhuna. Cira ta kusa."

Na ajiye masa. Aka cire albasar shekarar, ƙanana, da yawa ba su fi ƙwan zabuwa ba, ba wanda ya ce da ni makaranta ta ƙare. Ran da aka yi jarrabawar Gwamnati a kan bencin likita na zauna na rubuta ta, har takarda ta ƙare na ɗaga hannu na nemi ƙari.

Har yanzu layi ake yi a gindin tsamiyar nan, ba a kafa zana ba. Sai dai tun daga waccan shekara, duk ranar zaɓen shugaban ruwa Baba yakan tashi da ciwon ƙafa, ya kwanta a zaure, washegari ya warke ya tafi gona. Ban taɓa tambayarsa a wace ƙwarya zai jefa tsakuwarsa ba. An koya mana a aji cewa ba a tambaya.